Yaro Ɗaya, Harsuna Huɗu: Matsalar Koyarwa A Makarantun Potiskum

Garin Potiskum, wanda waɗansu ke kira Fataskum, yana bisa babbar hanyar nan da ta tashi daga Kano ta bi ta Azare ta nufi Maiduguri, kimanin kilomita 100 yamma da Damaturu, babban birnin Jihar Yobe. Wanda duk ya san garin, da abu biyu ya fi saninsa, watau kasuwar shanunsa wadda ake lissafawa cikin mafiya girma a Afirka ta Yamma, da kuma manyan motocin ɗaukar kaya da ke shiga da fita dare da rana. Amma akwai abu na uku wanda ba a cika kulawa da shi ba, alhali kuwa shi ne ke tarar malamin firamare kowace safiya a bakin ƙofar aji. Wannan abu shi ne yawan harsunan da yaran garin ke zuwa da su daga gida.

Potiskum da kewayenta mazaunin Ngizimawa ne da Karai-Karai da Bolawa da Ngamawa. A shekarar 1924 aka mai da hedkwatar Masarautar Fika zuwa cikin garin, yau kuwa fadoji biyu ke nan, ta Fika da ta Pataskum. Ban da waɗannan akwai Fulani da Barebari da Badawa da Hausawa, ga kuma Yarabawa da Ibo waɗanda ciniki ko aikin gwamnati ya kawo. Ƙidayar 2006 ta nuna mutanen ƙaramar hukumar sun haura 200,000, sa'an nan rikicin Boko Haram ya ƙaro waɗansu da suka gudo daga Gujba da Gulani da sassan Jihar Barno, galibinsu masu jin Barbarci ko Baburanci. Saboda haka ba abin mamaki ba ne a tarar da yara masu harsunan gida biyar ko shida a aji guda, suna zaune kan benci ɗaya, malami ɗaya yana fama da su.

ƘOFOFI HUƊU

A ɗauki misalin yaron da aka haifa a wani ƙauyen Karai-Karai na wajen Nangere. Harshen da ya buɗe baki da shi, wanda uwarsa ke yi masa tatsuniya da faɗa da shi, shi ne ƙofarsa ta farko. Yana shekara huɗu ko biyar sai a kai shi makarantar allo, ya tarar da Larabci, ƙofa ta biyu ke nan. In ya fara bin yayyensa kasuwa, ko kuwa iyayensa suka koma cikin gari, sai ya tsinci Hausa, wadda ita ce harshen ciniki da na unguwa. Ran da aka rubuta sunansa a aji ɗaya kuma sai a miƙa masa littafin Turanci, a ce da shi zai koyi lissafi da kimiyya da duk sauran darussa.

To, abin lura a nan shi ne, ana bukatar wannan yaro ya yi aiki biyu a lokaci guda: ya koyi yadda baƙaƙe ke haɗuwa su ta da kalma, ya kuma koyi harshen da kalmar ta fito daga ciki. Yaron da ya karanta kalmar da ya riga ya sani, nan take zai gane ya yi daidai, don kunnensa zai shaida masa. Wanda kuwa ya karanta kalmar da bai taɓa ji ba, ba shi da abin da zai auna ta da shi, sai ya koma ga hadda. Wannan shi ya sa ake samun yara masu rera abin da ke jikin allo babu kuskure, amma in aka nuna musu kalma ɗaya daga tsakiya sai su yi tsit. Hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta a 2016 cewa kimanin kashi 40 cikin 100 na mutanen duniya ba su samun ilmi da harshen da suke ji. Yaran ƙauyukan Potiskum da yawa suna cikin wannan lissafi.

ABIN DA DOKA TA CE

Maganar harshen koyarwa ba sabuwa ba ce a Arewa. Makarantar da Hans Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909, da Hausa aka fara koyarwa a cikinta. Bayan an ƙaddamar da shirin ba da ilmin firamare kyauta ga kowa, watau UPE, a 1976, sai Gwamnatin Tarayya ta fito da Manufar Ilmi ta Ƙasa a 1977, wadda ta ce a fara koyar da yaro da harshen uwa ko kuwa harshen da jama'ar wurin suka fi amfani da shi, daga baya a koma Turanci. Gyaran da aka yi wa manufar a 2004 ya fayyace cewa shekara uku na farko ake nufi.

Amma fa a wuri irin Potiskum wannan doka ta bar baya da ƙura. Da aka ce harshen da jama'ar wurin suka fi amfani da shi, kowa ya ɗauka Hausa ce, tun da ita ke da littattafai da tsayayyar ƙa'idar rubutu, ita kuma yawancin malamai ke ji. Ga yaron cikin gari wanda ya tashi da Hausa a bakinsa, wannan sauƙi ne babba. Ga yaron ruga ko na ƙauyen Ngamawa na wajen Gadaka kuwa, an dai rage masa nisan tafiya ne, ba a kai shi gida ba.

A ƙarshen watan Nuwamba na 2022 Majalisar Zartaswa ta Tarayya ta amince da sabuwar manufa wadda ta ce a koyar da harshen uwa dukan shekara shida na firamare. Ministan Ilmi na lokacin, Malam Adamu Adamu, ya yarda da bakinsa cewa aiwatar da ita sai an tanadi littattafai da ƙwararrun malamai. Shekara uku bayan haka, a watan Nuwamba na 2025, Ministan Ilmi Dokta Tunji Alausa ya ba da sanarwar soke ta, ya ce Turanci ne zai zama harshen koyarwa tun daga ajin share fage har jami'a. Hujjarsa ita ce yawan faɗuwa jarrabawar WAEC da NECO da JAMB a shiyyoyin da ya ce sun rungumi koyarwa da harshen gida. Masana harsuna da dama sun mai da martani cewa ba a yi wa manufar adalci ba, domin ba a buga littattafanta ba, ba a horar da malamanta ba, ɗaliban da suka zauna waɗannan jarrabawa kuwa sun bar firamare tun kafin a kafa ta.

Ko wane ɓangare ya fi gaskiya, abu ɗaya bai sauya ba. Takardar da aka sa wa hannu a Abuja ba ta iya sauya harshen da yaro ɗan shekara shida ya kwana da shi jiya. Gobe da safe zai zo da shi aji, abin da ya rage kuwa shi ne yadda malami zai karɓe shi.

KOYARWA MAI KULA DA ASALIN ƊALIBI

A Amurka, inda ake fama da irin wannan matsala game da 'ya'yan baƙar fata da 'ya'yan baƙin haure, wata shehiyar malama mai suna Gloria Ladson-Billings ta bi diddigin waɗansu malamai takwas waɗanda suka yi fice wajen koyar da yaran baƙar fata, ta buga sakamakon a 1994. Ta tarar dukansu sun haɗu a kan abu uku: ba su rage wa yaran nauyin karatu don ganin ba za su iya ba, ba su neman yaro ya tuɓe al'adarsa a bakin ƙofa kafin ya shiga aji, suna kuma koya musu yin tunani a kan halin da al'ummarsu ke ciki. Wata kuma, Geneva Gay, ta faɗaɗa maganar a littafinta na shekarar 2000. Taƙaicen abin da suke nufi shi ne malami ya san abin da yaro ya zo da shi daga gida, ya ɗora sabon ilmi a kai.

Wannan magana tana iya zama kamar baƙuwa, amma in an duba a Potiskum sai a ga ta zauna daram. Da farko akwai maganar kurakurai. Barbarci da Fulatanci ba su bambanta namiji da mace a wakilin suna. Babarbare da kalma ɗaya, "shi", yake nufin namiji ko mace, haka Bafulatani da "o". Don haka in yaron da ya tashi da ɗaya daga cikinsu ya ce "Fatima ya zo", ko ya rikita haka a Turanci, ba daƙiƙanci ba ne, ƙa'idar harshensa yake bi. Haka nan Barbarci a ƙarshen jimla yake ajiye aikatau, shi kuma Bahaushe kowa ya san yadda "p" da "f" ke ruɗa shi. Malamin da ya san tushen kuskure, da darasi ɗaya ko biyu zai gyara shi. Wanda bai sani ba kuwa zai shekara yana bulala, 'yan aji suna dariya, har yaron ya daina ɗaga hannu.

Sa'an nan akwai zumuntar da ke tsakanin harsunan kansu. Bolanci da Karai-Karai da Ngamo da Ngizim da Bade duk dangin Hausa ne, masana suna kiransu harsunan Cadi. Abin da Bahaushe ke ce wa "huɗu", Bolawa "poɗɗo" suke cewa, Ngizimawa kuma suna faɗin abin da ya yi kusa da "fuɗu". Malamin da ya sa yara su kawo irin waɗannan kalmomi ya jera su a allo, ya koya musu ƙirga, ya koya musu baƙaƙe, ya kuma nuna musu a aikace cewa kakanninsu daga tushe ɗaya suka fito. A garin da maganar ƙabila takan yi zafi lokacin siyasa, wannan ba ƙaramin darasi ba ne.

Ba harshe kaɗai ake nufi ba. Yaron da aka horar a gida cewa ba a kallon babba cikin ido, ko yarinyar da kunya ta hana ta ambaci sunan mahaifinta a gaban jama'a, ko ɗan Fulanin da fulako ya hana shi ya ce bai gane ba, duk ana iya ɗaukarsu a matsayin masu taurin kai ko marasa ƙwazo, musamman ga malamin da ya zo daga nesa, kamar masu yi wa ƙasa hidima. Haka kuma yaron da ya fito daga tsangaya. Sau da yawa akan rubuta shi cikin waɗanda ba su san komai ba, alhali ya san cewa alama a kan allo tana wakiltar sauti, ya iya riƙon alƙalami, yana da ƙarfin hadda wanda ya fi na tsararrakinsa. Abin da yake bukata shi ne a nuna masa cewa wannan rubutu daga hagu yake tashi, a kuma haɗa masa "ba" da ya sani da "b" da bai sani ba.

Ga kuma kasuwa. Yaron da ke bin ubansa kara ya san dillali da la'ada tun kafin ya ji sunan kaso cikin ɗari. In aka ce masa an sayar da sa naira 400,000, dillali yana da naira biyu cikin kowace ɗari, zai lalubo naira 8,000 da sauri fiye da yadda zai yi da misalin da aka ɗauko daga littafin da ke maganar tuffa da jirgin ƙasa na ƙarƙashin ƙasa. Yarinyar da ke auna gero da tiya ta riga ta san rabi da kwata. 'Ya'yan direbobi sun san nisan Kano da na Maiduguri da yawan man da mota ke sha. Duk wannan jari ne wanda iyaye suka riga suka zuba, makaranta ce ba ta zuwa karɓa.

KAYAN AIKI NA NAN A GIDA

Akan ce ƙananan harsuna ba su da rubutu, don haka ba yadda za a yi a shigar da su aji. Game da Potiskum wannan magana ba ta da tushe. Marigayi Farfesa Russell Schuh na Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles, wanda ya rasu a 2016, ya zauna a garin tun wajen 1969 yana nazarin harshen Ngizim, ya kuma buga ƙamusunsa a 1981. Daga 2001 shi da Farfesa Alhaji Maina Gimba na Jami'ar Maiduguri, masanin Bolanci, suka jagoranci wani shiri na binciken harsunan Jihar Yobe tare da 'yan asalin kowane harshe. A 2004 aka buga ƙamusoshin Bole da Karai-Karai da Ngamo da Ngizim da Bade, kowanne da fassarar Hausa da Turanci, a cikin garin Potiskum ɗin kansa, aka kuma sake buga su da ƙari a 2009. Ban da ƙamus, shirin ya tattara tatsuniyoyi da karin magana na waɗannan harsuna.

Ashe ke nan aikin da ya fi wuya, watau tsai da baƙaƙe da tattara kalmomi, an riga an yi shi. Bugu da ƙari, Kwalejin Ilmi ta Tarayya ta koyon sana'a tana cikin garin tun ƙarshen shekarun 1980, ga Kwalejin Ilmi ta Umar Suleiman a Gashuwa, ga Jami'ar Jihar Yobe a Damaturu. Abin da ya rage shi ne gadar da za ta haɗa ƙamusun da ke kan kanta da malamin da ke tsaye gaban yara.

An kuwa taɓa gina irin wannan gada a Nijeriya. A 1970 Farfesa Babs Fafunwa ya fara wani gwaji a Ile-Ife, inda aka koyar da waɗansu yara dukan darussa da Yarabanci shekara shida, Turanci kuma a matsayin darasi wanda ƙwararren malami ke koyarwa. Sakamakon ya nuna ba su gaza takwarorinsu a Turanci ba, sun kuma fi su a waɗansu darussa. Wanda ya fi kama da halin Potiskum shi ne shirin da Farfesa Kay Williamson da abokan aikinta suka gudanar a Jihar Ribas tun farkon shekarun 1970, inda aka rubuta littattafan fara karatu da ƙananan harsuna wajen ashirin. A kusa-kusan nan ma an yi shirin "Mu Karanta" a Jihohin Bauci da Sakkwato, wanda ya koyar da karatu da Hausa a azuzuwan farko kafin a ƙetara zuwa Turanci.

ABIN DA MASU SUKA KE CEWA

Masu adawa da wannan hanya suna da hujjojin da bai kamata a yi watsi da su ba. Iyaye da yawa suna cewa sun kai yaro makaranta ne don ya koyi abin da babu a gida, harshen gida kuwa su ma sun iya koya masa. Jarrabawa da Turanci ake yi, neman aiki da Turanci, saboda haka ake ganin masu hali suna kwashe 'ya'yansu zuwa makarantun kuɗi inda ake cin tarar yaro in ya yi harshensa. Waɗansu kuma suna tambaya, wane malami ne zai iya harshe shida? In kuma aka zaɓi ɗaya aka bar saura, ba an ɗebo rigimar ƙabilanci an kai cikin aji ba ke nan? Ga cunkoson yara, ga ƙarancin albashi.

Amsar ita ce babu mai cewa a bar Turanci. Gardamar duk a kan hanyar da ta fi saurin kai yaro gare shi ce, shaidar da aka samu daga Ife da sauran wurare kuwa ta nuna wanda ya iya karatu da harshen da yake ji, ya fi saurin iya shi da wani harshe, domin sau ɗaya ake koyon haɗa baƙi. Kuma ba a bukatar malami ya iya harshe shida. Ana bukatar ya san wane yaro ke jin wanne, ya zaunar da sabon zuwa kusa da wanda ke jin harshensa da Hausa, ya bar su su yi wa juna bayani na ɗan lokaci ba tare da tsoron bulala ba. Ko a ƙarƙashin dokar da ta ce a koyar da Turanci, babu abin da ya hana malami ya tabbatar yaro ya gane kafin a wuce.

ABIN DA YA KAMATA A YI

Mutanen Potiskum sun biya ilmin boko da tsada. Ran 6 ga Yuli 2013 'yan bindiga suka kashe mutum fiye da 40, galibinsu ɗalibai, a makarantar sakandaren gwamnati ta Mamudo. Ran 10 ga Nuwamba 2014 wani ɗan ƙunar baƙin wake sanye da kayan makaranta ya ta da bam a wurin taron safe na makarantar kimiyya da fasaha ta gwamnati da ke cikin garin, ya hallaka kusan mutum 50. Duk da haka iyaye ba su fasa tura 'ya'yansu ba. A 2019 Gwamna Mai Mala Buni ya kafa dokar ta-ɓaci a kan ilmin firamare da sakandare a jihar. Gina azuzuwa da ɗaukar malamai wajibi ne, amma hakkin waɗannan iyaye ba zai cika ba sai yaron da suka tura ya dawo ya iya karanta wasiƙa.

Akwai matakan da ba su bukatar kuɗi mai yawa. Hukumar ilmin firamare ta jiha tana iya ƙara layi ɗaya a rajistar ɗaukar yara, inda za a rubuta harshen gidan kowane yaro, ta kuma yi la'akari da wannan in za ta tura malamai ƙauyuka, don a samu aƙalla mai jin harshen wurin a aji ɗaya da aji biyu. Kwalejojin ilmi suna iya sa kowane ɗalibi mai neman takardar NCE ya san manyan bambance-bambancen da ke tsakanin harsunan jihar da Hausa da Turanci kafin ya fita koyarwa. Ana iya ɗauko ƙamusoshin nan a tsamo kalmomi ɗari biyu ko uku na yau da kullum, a buga su da hotuna a ƙananan littattafai masu arha. Ya kamata kuma shugabannin makarantu su hana cin tara da duka saboda yaro ya yi harshen iyayensa.

Masarautu da ƙungiyoyin raya al'adu su ma suna da nasu rabon, domin su ke iya shawo kan dattawa su riƙa zuwa makarantun unguwanninsu suna ba yara tarihi da tatsuniya, su kuma ja hankalin iyaye cewa yi wa yaro harshen gida ba ya rage masa Turanci. A cikin garin Potiskum an riga an sami gidaje da yawa inda kaka ke magana da harshenta, jika yana amsawa da Hausa. In makaranta ta ci gaba da nuna wa yaro cewa abin da ya zo da shi daga gida abin kunya ne, to, za a yi hasara biyu: harshen zai tafi, karatun kuma bai samu ba.